Guduma da Sikeli Sun Kori Mai Gyara

Jama'a, akwai al'amarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda a 'yan shekarun nan duk wani akwatin rediyo, ko rakoda, ko talabijin mai doro, wanda iyayenmu suka yi wata da watanni suna tari kafin su mallaka, da zarar ya yi shiru sau ɗaya ba a ƙara tuna mai gyara, sai a jira ɗan gwangwan ya turo kurarsa, a miƙa masa a karɓi roba biyu ko 'yan canji. Shi kuwa ba ya da wata tambaya a kan kayan face kilo nawa ne, kuma kafin la'asar guduma ta gama da su.

Alhali kuwa sanin kayan cikin nan ilmi ne mai zaman kansa, wanda ake durƙusa wa ubangida shekara da shekaru kafin a samu. Tsohon mai gyara na Sabon Garin Kano ko na Panteka a Kaduna, in ya ɗauki ɗan mitsitsin rizista da hantsaki ya kai kusa da ido, ya ga zoben ruwan ƙasa, da baƙi, da ja, ba sai ya taɓa mita ba zai ce maka om 1,000 ne. In ya hangi kwandensa ta kumbura ka, ya san ita ce ta kwantar da akwatin, ya narka dalma ya zare ta, ya ɗauko 'yar'uwarta daga gwangwanin madara inda yake tara na matattun rediyoyi, nan take sai ka ji Kaduna ta kama. A wurinsa mataccen akwati ɗaya yana iya rayar da goma. A wurin sikeli kuwa rediyon Grundig da murfin tukunya duk hukuncinsu ɗaya.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne zazzaɓin zinariya da ya kama samarinmu tun da suka fara kallon bidiyo a waya, inda wani zai tsoma fanel a cikin asid, bayan minti biyar ya nuna curi yana walƙiya. Har ta kai zoben nan na huɗu mai ruwan gwal da ke jikin rizista ana kallonsa da kwaɗayi, alhali fenti ne tsantsa, ma'anarsa kawai ƙarfin abin yana iya ƙaruwa ko raguwa da kashi 5 cikin ɗari. Ban musa ba, akwai zinariya a haƙoran katin ram da ƙafafun tsofaffin furosesa na kwamfutocin shekarun 1990, amma shafe ce wadda ta fi numfashi a kan madubi da kaɗan. Lokacin da Japan ta yi niyyar ƙera lambobin gasar Olamfik ta Tokyo daga tsofaffin na'urori, sai da ta tara kusan tan 79,000 na kaya, ciki har da wayoyi fiye da miliyan 6, sannan ta tace kilo 32 na zinariya. To, kai da ka fasa rediyon kakanka a zaure, me kake tsammanin za ka kai wa maƙeri?

Ko ta fuskar ciniki ma, wanda bai san kaya ba shi ne abin tausayi. Yaro zai haɗa fanel ɗin kwamfuta mai daraja da na talabijin mara daraja a buhu ɗaya, dila ya auna da kuɗin mara darajar, ya juya baya ya ware. Ƙananan kwandensoji masu ruwan ɗorawa da ke ɗauke da tantalam, ma'adinin nan da ake zub da jini a kansa a gabashin Kwango, suna tafiya kyauta. Tiransfoma ta da kuwa jan ƙarfe ce zalla, ta yanzu sau da yawa alminiyam ne aka yi wa rufi, sai an kankare da wuƙa an ga fari a gane. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da ƙurar shagon maƙeran zinariya saboda garari, tun da mai saye da mai sayarwa babu wanda ya san abin da ke ciki, kuma ina ganin buhun nan bai yi nisa da mas'alar ba.

Lalle na yarda 'yan gwangwan suna neman halal ɗinsu da guminsu, sun fi mai zaman kashe wando, kuma abin da ya mutu murus gara a narka shi. Amma a dubi yadda ake yi: a cinna wa waya wuta da tsohuwar taya don a fid da jan ƙarfe, a fasa gilashin talabijin don a zare naɗin wayar da ke wuyansa, a bar tarkacen inda yara ke wasa, alhali gilashin babba ɗaya yana ɗauke da dalma fiye da kilo guda. Hayaƙin irin wannan ne ya sa sunan unguwar Agbogbloshie ta birnin Accra ya zagaye duniya kafin a rushe wurin a 2021. Mu kuwa da muka ga yara fiye da 400 sun rasu a Zamfara a 2010 saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya, ai ba sai an yi mana tafsirin gubarta ba.

Saboda haka ina roƙon masu gida, don girman Allah, kafin ku miƙa akwati ga mai kura ku fara nuna wa mai gyara, ko bai tashe shi ba zai ciri abin da zai tashi wani. Ku kuma sauran tsofaffin masu gyara, ku jawo yaran nan na gwangwan ku koya musu karatun zobe tun idanunku suna gani.