Manufa a Takarda, Ƙura a Ɗakin Gwaji

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanci ilimin sinadarai, karo-karo muka yi mu ɗalibai muka sayi kayan aikin kammala digirinmu. Na'urar da za ta auna mana sakamako tana nan a ɗakin gwaji lulluɓe da leda, ƙura ta rufe ta, saboda wani ɗan ƙarfe nata ya lalace kuma ba a ware kuɗin gyara ba. Sai da na shiga mota zuwa wani gari, na biya kuɗi, aka auna mini. Tun daga lokacin, duk sanda na ji an ƙaddamar da sabuwar manufa kan kimiyya da fasaha, wannan leda nake tunawa.

Nijeriya ba ta rasa manufofi ba. A 1986 ta fitar da manufarta ta farko kan kimiyya da fasaha, a 2012 aka sabunta ta har aka haɗa da ƙirƙire-ƙirƙire. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan umarni mai lamba 5, wanda ya ce a fifita ƙwararrun cikin gida wajen ba da ayyukan injiniya da fasaha. A takarda duk suna da kyau, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Aibi na farko shi ne kuɗi. Tun a 1980, a taron da suka yi a Legas, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a fannin kimiyya. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba mu cika wannan alkawari ba, alhali Koriya ta Kudu tana kashe sama da kashi 4. Bincike kuwa kamar noman rani yake: wanda ya tsallake ban ruwa na mako biyu ya yi asarar shukarsa. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas. Wane gwaji ne zai jira mai shi tsawon wannan lokaci?

Na biyu shi ne fifita abin da ido zai gani. A 2007 aka harba tauraron ɗan'adam na sadarwa, NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera mana. A 2008 ya daina aiki, sai a 2011 aka maye gurbinsa. Ban raina amfanin tauraro ba, sai dai sayen na'ura daban, iya ƙera ta da gyara ta daban. Ƙasar da ta mallaki tauraro a sama amma ta kasa gyara na'urar awo a jami'a, ta ɗora rufi ne ba ta yi tushe ba.

Na uku shi ne gibin da ke tsakanin mai bincike da mai sana'a. Muna da cibiyar binciken fata a Zariya, ga majemu a Kano, amma har yau fatarmu mai yawa takan tafi Italiya da Sifaniya, can a mayar da ita takalma da jakunkuna masu tsada.

Duk da haka, akwai shaidar cewa muna iyawa. A 2019 aka amince da irin wake SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar tare da abokan hulɗarta. Yana jure tsutsar da ke huda kwanson wake, ya kuma rage wa manomi yawan feshi. Abin ya yiwu ne domin an fara da matsalar da manomi ya sani, aka kuma jure shekaru ana aiki a kanta.

Don haka shawarata uku ce. A kafa asusun bincike da doka, yadda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba. Duk na'urar da za a saya, a haɗa da kuɗin gyaranta da na horar da mai kula da ita. Sannan a riƙa auna kowace cibiya da abin da ya fita daga ɗakin gwajinta ya isa gona ko masana'anta. Ƙanwata tana shirin shiga jami'a, kimiyya take son karantawa. Fatana ta tarar an yaye wannan leda.