Gangar Badujala a Kunnen Kasuwar Umdurman

A shekarar 1940 aka buɗe gidan rediyon Umdurman a wani ɗaki na ginin gidan waya, daf da kasuwa. Akwatin rediyo bai yawaita a gidaje ba a lokacin, sai aka kafa lasifika a filin da ke gaban ginin, jama'a su taru su saurara a tsaye. Ke nan tun farkon fari, sautin da aka haɗa a garin nan ya tashi ne yana kokawa da hayaniya: kiran dillalai, bugun gudumar maƙeran zinariya, ciniki a rumfunan dukawa da na masu turare. Kasuwar kanta ta girmi rediyon, domin tun zamanin Halifa Abdullahi, wanda ya gaji Mahadi a 1885, take ci. Shi ya sa nake ganin duk mai son fahimtar yadda ake cika amon ganga a waƙar Sudan, gara ya faro daga kunnen ɗan kasuwar nan kafin ya zauna gaban kwamfuta.

Gangar da nake nufi ita ce ƙaramar nan ta 'yan badujala, wadda a jerin gangunan zamani take zama tsakanin gwiwoyin makaɗi. Faɗinta yawanci inci 14 ne, zurfinta inci 5 zuwa 6 da rabi. Fata biyu gare ta, kuma a jikin ta ƙasan akwai siraran wayoyi kimanin 20 a miƙe, waɗanda ke zuga duk lokacin da sanda ta sauka a sama. Kukan masu haɗa sauti a kanta iri ɗaya ne ko'ina: a cikin ɗaki tana cika kunne har ta dame ka, amma da zarar an naɗe ta an ɗora goge da garayar Larabawa da murya a kai, sai amonta ya rame, ya zama ɗan tas-tas marar jiki.

Kunnen Bahaushe bai baƙunci zugar nan ba. Gangarmu ta gargajiya ma akan gitta mata igiya a kan fata don ta riƙa kurɗa amo, haka bandirin mutanen Maroko. Amma a Umdurman gangar badujala baƙuwa ce da ta shigo ta barikin soja da na 'yan sanda, ta tarar da gida cike da masu shi. Waƙar hakiba, wadda ta bunƙasa a garin a shekarun 1920 a bakin su Muhammad Ahmad Sarur da Karoma da Halil Farah, da tafi da ɗan tambari mai kacau-kacau ta tsaya da ƙafarta. Mata na da dalluka, gangar yumɓu ta gidan biki. A hubbaren Shehu Hamad al-Nil kuwa, 'yan Ƙadiriyya sun saba kaɗa manyan gangunan nauba kowace Juma'a da la'asar, abin da duk wanda ya san bandirin Kabara a Kano zai gane nan take. Marigayiya A'isha Fallatiya, wadda asalin mahaifinta daga ƙasarmu ne, kuma ita ce macen da ta fara waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, da kiɗan tumtum na mata ta yi suna kafin rasuwarta a 1974. Sai a zamanin su Sharhabil Ahmad, wanda aka haifa a Umdurman a 1935, da ƙungiyoyin da mutanen Sudan ke kira na jaz, jerin gangunan zamani ya sami kujera ta dindindin a dandali.

A nan ne maganar take. A kiɗan rok na Amurka da Ingila gangar nan ita ce ginshiƙi: tana faɗowa a bugu na biyu da na huɗu, kowa na jingine da ita. Don haka masu situdiyonsu suka yi ta neman hanyar kumbura ta, har aka kai ga salon da Hugh Padgham da Phil Collins suka shahara da shi a situdiyon Townhouse na Landan a 1980 da 1981, inda ake sakar mata amsa-kuwwa mai yawa sannan a datse ta farat ɗaya. Waƙar Umdurman ba haka aka gina ta ba. Murya ce sarauniya, goge na amsa mata, kiɗan kuma an raba shi tsakanin hannuwa da yawa: bongo, tafi, tambari, jitar bas. Da yawa daga cikin kiɗe-kiɗen, irin su mardum na Kurdufan da Abdulƙadir Salim ya fito da shi duniya, tafiyar uku-uku suke yi, suna rangaji. Ka ɗauko gangar Landan ka dasa a tsakiyar wannan, ka kashe rangajin. Cikar da ta dace da ita a nan ita ce ta ji jiki ba tare da ta hau kan kowa ba, kuma wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Aikin daga fatar yake farawa, kafin a taɓa kowace na'ura. Ka lura da gogaggen makaɗi kafin a danna naɗi: yana zagaya bakin gangar da ɗan makulli, yana ƙwanƙwasa fatar da yatsa kusa da kowace ƙusa, yana sauraron ko amon ya zo ɗaya. Ta sama yakan sassauta ta kaɗan don ta yi kauri, ta ƙasa ya ɗaure ta tamau don wayoyin su amsa da wuri. In wayoyin sun matse da yawa sai su shaƙe gangar, in sun yi sako-sako sai su yi ta surutu bayan bugu ya wuce. Sannan ya ciro walat daga aljihu, ko ya ninke hankici, ya ɗora a gefen fatar don ya kashe ƙarar da ke jan wutsiya. Makaɗan kotso da taushi a fadojinmu sun riga kowa sanin wannan dabara, tunda su ma sukan manna danƙo a tsakiyar fata don amon ya sauko ya yi nauyi. Gangar da aka ɗaure ba daidai ba, babu injin da zai ba ta abin da ba ta da shi.

Sai makirfo. Wanda aka fi sa wa gangar nan a duniya shi ne Shure SM57, wanda ya fito tun 1965, a kafa shi yatsu biyu ko uku sama da baki yana kallon tsakiya. Masu hali sukan ƙara na biyu a ƙasa don ya kama zugar wayoyi. Nan ne ramewar take yawan samo asali, kuma mutane ba sa ganewa. Idan sanda ta sauka, fatar sama tana gudun makirfonta ne, ta ƙasa kuma tana tunkarar nata, ke nan ɗaya na ja ɗaya na turawa. In aka haɗa su a haka sai su cinye juna, kaurin ne kuma ke fara tafiya. Maganin maɓalli ɗaya ne da ke juya fuskar sautin makirfon ƙasa. Haka ma makirfon da ke rataye saman gangunan: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka tazarar mita ɗaya takan sa bugun ya iso a makare da kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya zaftare jikin ganga. Na fi yarda da mai haɗa sautin da ya tashi ya matsar da makirfo da hannunsa fiye da wanda ya zauna yana murɗa maɓallai.

Amon gangar hawa-hawa ne. Jikinta na zaune ne wajen girgiza 150 zuwa 250 a daƙiƙa, abin da ake aunawa da haz. Tsakanin 400 da 800 akwai wani amo na kwali da akan rage. Tsawar sanda na wajen 2,000 zuwa 5,000, zugar wayoyi kuma daga nan zuwa sama. Mai koyo da ya ji ganga ta rame sai ya ɗaga wajen 200 har ya ƙure. A waƙar Umdurman wannan ba ya kai shi ko'ina, domin unguwar 200 ɗin cike take da masu gida: ƙasan garayar Larabawa na nan, saman jitar bas na nan, ƙirjin muryar namiji na nan, bongo ma na leƙowa. Abin da ke aiki shi ne a rage wa maƙwabtan kaɗan a daidai wurin, a tace ƙasan goge da akodiyon da ba sa buƙatarsa, sai ka ji gangar ta fito ba tare da an ƙara mata komai ba. Na'urar matse sauti ma haka take son haƙuri. In ta cafke bugu da gaggawa sai ta cinye kansa. A bar ta ta jinkirta kamar kashi 10 zuwa 30 cikin 1000 na daƙiƙa, kan bugun ya wuce, sannan ta ɗago wutsiyar. Wasu kan kwafi gangar gida biyu, su matse ɗaya matuƙa, su zuba ta kaɗan a ƙarƙashin ta asali.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin naɗe-naɗen rediyon Umdurman sun sami cikar nan ba tare da rabin waɗannan kayan ba. Shekaru da dama rediyon ne babban situdiyon ƙasar. Ƙungiya kan shiga ɗaki guda gaba ɗayanta, a yi waƙa daga farko har ƙarshe, makirfo ƙalilan na ɗauka. Gangar na shiga makirfon mawaƙi da na masu goge, ta iso da amon ɗakin a jikinta. Zaren naɗi na maganaɗisu kuma, in aka ɗan cika masa ƙarfi, yakan lanƙwasa kan bugu ya haifar da wasu amo a saman na asali, su ne kunne ke ji a matsayin ɗumi. Wanda ya saurari waƙoƙin marigayi Kamal Kaila da kamfanin Habibi Funk na Jamus ya fitar a 2018 daga zaren rediyo, ko na Sharhabil da ya biyo baya a 2020, ko tarin da Ostinato ya fitar a 2018 mai ɗauke da su marigayi Muhammad Wardi, zai ji abin da nake faɗa. Gangar ba ta da ƙara, tana can baya, amma ba za ka ce ta rame ba. Matsayinta a waƙar irin na daddawa ne a miya.

Wannan darasi ya fi amfani yau fiye da jiya, saboda inda ake sauraron waƙa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, mai rumfar waƙoƙi a kasuwar Umdurman, wanda ubansa kaset ya sayar, yana zaune ne gaban kwamfuta yana tura waƙa cikin katin waya. Daga nan sai lasifikar keke mai ƙafa uku da suke kira raksha, sai wayar mai shayi a gindin bishiya. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fito da amon ƙasa. Abin da ke wajen 200 kusan duk a banza yake tafiya. To ina jikin ganga zai fito? Daga amon da ke samansa. Kunnen ɗan Adam in ya ji 400 da 600 da 800 tare, yakan cike 200 ɗin da kansa ko da babu shi. Don haka ɗan ƙuna kaɗan irin na zaren naɗi, wanda yanzu ake kwaikwayonsa a kwamfuta, ya fi ɗaga ƙasa amfani. Sai kuma abin da garin ke da shi tun zamanin hakiba: tafi. A naɗi hannuwan mutum huɗu ko biyar a ɗaki, kowa da ɗan saɓaninsa, a shimfiɗa a kan bugun, a sa dalluka a ƙarƙashinsa ta ba shi ƙirji. Bugu ɗaya ya zama na jama'a, kuma ko a tsakiyar hayaniya za a ji shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne zamanin fiyano, wanda a Sudan suke kira org. Bayan dokokin shari'a na Satumba 1983 da juyin mulkin 1989, wuraren kiɗan dare suka rufe, manyan mawaƙa irin su Wardi suka yi hijira, riƙe ƙungiya mai mutum ashirin ya gagara. Yaro ɗaya da fiyano ya maye gurbinsu a gidan biki. Mu ma a Kano mun ga irin haka tun shekarun 1990, lokacin da Yamaha ta zama ita ce makaɗan fim. Ba na raina abin da ya fito daga nan. Kiɗan zanig na matasan gefen Khartum yana da wuta, kuma da gangan yake son amo mai kaifi da tsatsa. Damuwata ita ce gangar da ke cikin fiyano bugu ɗaya ce da aka naɗa a wata ƙasa, tana maimaita kanta da ƙarfi ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshe. Makaɗi na gaske yana da ƙananan bugu da yake sakawa tsakanin manya, da kyar ake jin su, kuma su ne rabin cikar. Mai aiki da fiyano zai iya kusantar wannan in ya bambanta ƙarfin kowane bugu, ya ɗan ja wasu baya, ya sa amsa-kuwwa gajera ta ƙaramin ɗaki maimakon ta babban zaure. Kaɗan ne ke ɗaukar wahalar.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ci kasuwar Umdurman, an wawashe rumfuna, wasu sun ƙone. Ginin rediyo da talabijin, inda taskar zaren naɗi take, ya kasance a hannun dakarun RSF, abokan gabar sojan Sudan, har zuwa Maris 2024 da soja suka karɓe shi. Mawaƙa da masu situdiyo sun watsu, wasu Alƙahira, wasu Kamfala, wasu Bur Sudan, suna haɗa waƙa a ɗakin haya da abin sawa a kunne. Duk zaren da ya tsira, wata rana zai faɗa hannun mai gyara, kuma kwamfutar yau na iya zare ganga daga cikin tsohuwar waƙa ta dasa sabuwa mai ƙiba a gurbinta. Ina roƙon kada a yi haka. A share ƙura, a rage shuu ɗin zare in ya yi yawa, a daidaita gudunsa in ya karkace, amma a bar gangar a inda makaɗin da injiniyan rediyon suka ajiye ta, domin daga waɗannan naɗe-naɗen ne kaɗai yaran da ke aiki a gudun hijira za su iya auna nisan da ya kamata ya kasance tsakanin ganga da murya.