Minti Biyar Kafin Darasi: Gwanintar Koya wa Yara Mazhabobin Zane

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa na Maraɗi, wanda aka raɗa wa sunan Kantu, gwarzon da ya ci gasar ƙasa ta farko a 1975, ya san ba a shiga fage da sanyin jiki. Sai ɗan kokawa ya yi tsalle, ya miƙe gaɓoɓi, jiki ya ɗau zafi, sannan a kama. Darasin zane ma yana da nasa ɗumama jikin, kuma malamin da ya san aikinsa ba ya barin wannan ɗan lokaci ya tafi a banza. Cikin minti biyar na farkon darasi, da alli da ɗan allo da abin da ya samu a aji, yakan sa yaro ya taɓa da hannunsa abin da manyan masu zane na duniya suka yi shekaru suna gardama a kai. Mai kallo zai ce wasa ne. Wanda ya gwada ya san ba kowa ke iyawa ba.

Abin da ake son koyarwa shi ne mazhabobin zane. Kowace mazhaba taron masu zane ce da suka haɗu a zamani ɗaya, tambaya ɗaya ta dame su, suka ba ta amsa iri ɗaya. Ta yaya za a kama hasken rana, alhali yana sauyawa kafin a gama aiki? Dole ne ganye ya fito kore? Don me za a zana abu ta fuska guda, ga shi yana da gaba da baya? Hanyar da aka saba ita ce malam ya rubuta sunan mazhaba da shekara da sunayen mutum uku, yara su kwafa a kaye, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su manta. Gwanin malami juya tsarin yake yi: aikin hannu a fara, tambaya ta biyo baya, suna ya zo daga ƙarshe.

Dabarar tana da tarihi. A makarantar Bauhaus da aka buɗe a birnin Weimar na Jamus a 1919, Johannes Itten, wanda ya riƙe ajin share fage har 1923, yakan fara darasi da motsa jiki da jan numfashi, don hannun ɗalibi ya saki kafin ya kama aiki. Malamin Nijar kuma yana da wani makami da ya gada, wato dabarar La Martinière, mai ɗauke da sunan wata makaranta ta birnin Lyon a Faransa: malam ya yi tambaya, ya ƙwanƙwasa tebur, kowa ya rubuta a ɗan allonsa, ya sake ƙwanƙwasawa, a ɗaga alluna gaba ɗaya. Da ita ake koyar da lissafin ka a makarantun firamare. Gwani kuwa sai ya ɗauko ta ya sa ta aikin zane, tunda yara sun riga sun san ƙa'idarta.

A ce aji ne a Jiratawa, da sanyin safiya, yara sun cika bencina. Malam ya shigo da butar roba, ya ɗora a tebur.

"Yara, kowa ya zana butar nan yadda yake ganinta daga inda yake zaune. Minti ɗaya."

Ya ƙwanƙwasa tebur, alli ya kama ƙara. Da minti ya cika sai ya juya butar, hancinta ya koma wajen ƙofa.

"Ku sake zana ta."

"Mushe, mu goge ta farkon?"

"Kada wanda ya goge. A kanta za ku ɗora."

Karo na uku ya kwantar da butar, bakinta na kallon aji. Da aka ɗaga alluna sai dariya ta ɓarke, don layi ya hau kan layi, ga hanci biyu, ga da'ira a tsakiyar ciki. Wata yarinya ta ce, "Mushe, tawa ta lalace." Malam ya karɓi allonta ya nuna wa aji.

"Ku duba da kyau. Ga hanci, ga mariƙi, ga baki, ga gindi. A zanen farko, nawa daga cikinsu suka fito?"

"Biyu, Mushe."

"To, wanne ya fi ba da labarin butar?"

Sai da gardama ta kaure sannan ya rubuta Kubizim a babban allo. Ya gaya musu tsakanin 1907 da 1914, a birnin Paris, Pablo Picasso ɗan Sifaniya da Georges Braque Bafaranshe sun yi ta zana kwalabe da kofuna da kayan kiɗa ta fuskoki da yawa a shafi ɗaya, a lokacin da na'urar ɗaukar hoto ta riga ta iya fito da abu ta fuska guda. Ya ƙara musu da cewa a 1907 ɗin Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadéro ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka, abin ya taɓa shi ƙwarai. Yarinyar da ta ce zanenta ya lalace ba za ta manta wannan suna da wuri ba, don a allonta aka nuna shi.

Gwanintar tana cikin ƙananan abubuwa. Na farko, doka ɗaya tak: a nan, ba a gogewa. Da malam ya jera dokoki uku, da rabin aji ya tsaya tambaya. Na biyu, ƙarancin lokaci. Yaron da aka ba minti ɗaya ba ya da sukunin cewa "ni ban iya zane ba", kafin tsoro ya zo hannu ya riga ya tafi. Na uku, zaɓen abin zanawa. A garuruwanmu akwai iyayen da ba sa son a sa ƴaƴansu zana mai rai, kuma malami mai hankali ba ya jayayya da su a kan haka. Buta, tulu, ƙwarya, rumbu da itacen gawo sun isa a koyar da kusan kowace mazhaba, kuma su kansu masu zanen da ake magana a kai sun yi aiki mai yawa a kan kayan tebur da itatuwa da gonaki.

Mazhabar masu farautar haske, Impireshanizim, ita ce ta fi dacewa da allo baƙi. Malam yakan ce a leƙa ta ƙofa a dubi rumbu ko itace, a ɗan kanne ido har siffa ta dushe, sannan a kwantar da alli a shafa fari a inda haske ya sauka kaɗai. Ba a ja layin gefe, baƙin allon shi ne inuwa. Sai ya ajiye alluna biyu ko uku, kafin a tashi da rana a maimaita, a jera na safe da na rana. Rumbu ɗaya ne, zane ya zama biyu. A nan yake kawo Claude Monet, wanda ya zana tarin dammunan hatsi na kusa da gidansa a Giverny wajen sau 25 tsakanin 1890 da 1891, kowanne da irin haskensa. Monet ɗin ne ya zana fitowar rana cikin hazo a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a 1872, kuma da aka baje zanen a Paris a 1874 wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi masa ba'a, daga ba'ar tasa mazhabar ta samu suna. Yaron da ya san yadda rana ke fitowa fara sol a watannin hunturu ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan hazo. Malam kan ƙara da dalili na zahiri: a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi na zuba fenti, abin da ya sauƙaƙa wa masu zane fita fili da kayan aikinsu.

Rashin fenti ba ya tsayar da gwani. Kusan kowane ɗalibi yana da bik shuɗi da ja. A ja ɗan murabba'i a takarda, a cika shi da ɗige-ɗigen shuɗi da ja a cakuɗe, ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a kai takardar gaban aji. Na bencin gaba suna ganin launi biyu, na baya suna rantsuwa launi ɗaya ne mai kama da shunayya. Ido ne ya yi haɗin. A kan wannan Georges Seurat ya gina babban zanensa na tsibirin Grande Jatte, mai faɗin kusan mita 3, wanda ya ci masa shekara biyu, daga 1884 zuwa 1886. In kuma ana son launi mai tsawa irin na Henri Matisse da André Derain, waɗanda aka kira namun daji a bajekolin Paris na 1905, ga ruwan zoɓo, ga shuni, ga gangamau, ga jar ƙasa da gawayi. Dokar ita ce a zana gonar zogale ta Jiratawa, amma an hana kore. Da yaro ya ce, "Mushe, ai ganye ba ja ba ne," darasi ya kankama.

Ranar da aji ya yi nauyi kuma, akwai wasan da mabiya André Breton suka ƙirƙiro wajen 1925, bayan ya fitar da sanarwar mazhabar Suriyalizim a 1924. A naɗe takarda gida uku, na farko ya zana saman wani abu ya rufe, na biyu ya zana tsakiya bai ga na farko ba, na uku ya zana ƙasa. In an buɗe sai a ga rassan gawo sun tsiro daga cikin tulu, tulun kuma a kan tayoyin amalanke. Cikin dariyar malam zai gaya musu irin wannan haɗuwa ta mafarki waɗancan mutane ke nema da gangan.

Inda ake gane cikakken gwani shi ne wurin dawo da zance gida. In an zo kan zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, littafi zai ambaci Wassily Kandinsky wajen 1911, da Piet Mondrian mai layuka baƙaƙe da ja da shuɗi da rawaya. Malamin da ke koyarwa a Tsibirin Gobir kuwa sai ya tuɓe hularsa ya ajiye a tebur, ko ya sa a kawo ƙwarya mai zane, ya ce kowa ya ɗauki siffa ɗaya daga jiki ya maimaita ta har allo ya cika. Daga nan yara da kansu za su jero sauran: dagi, aska takwas a gaban babbar riga, zayyanar allon sauka, zanen lalle, adon bangon gidajen Birni a Damagaram. Sai su gane abin da ya zama sabo a Turai a farkon ƙarni na 20, maɗinka da magina da malaman allo sun daɗe suna yin irinsa a nan. In aka ƙara musu da raƙuman dawa na Dabus a yankin Agadas, da aka sassaƙa a dutse shekaru dubbai da suka wuce, babbar ta haura mita 5, sai su san tarihin zane bai faro daga Paris ba.

Afirka ma tana da nata mazhabobin zamani, kuma ɗaya a maƙwabta aka haife ta. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon malamansu Turawa ba, sai sun haɗa dabarar waje da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Aikin minti biyar na wannan darasi shi ne yaro ya zana rumfar kasuwa, amma da siffofin da ya ciro daga hula ko ƙwarya kaɗai. Haka za a iya bi da makarantar Poto-Poto da aka kafa a Brazzaville a 1951, da mazhabar Dakar ta zamanin Shugaba Senghor.

Aikin yana da wuyarsa. Aji mai cunkoso, in ya ɗau zafi, sai mai iko da murya ke iya sauko da shi. Minti biyar kan so ta zama ashirin, kuma malamin da ya bari ta cinye darasi ya ɓata dabarar. Dole ya san tarihin sosai, don ya iya tace mazhaba guda ta koma doka ɗaya ba tare da ya yi mata ƙarya ba. Dole kuma ya kame bakinsa daga cewa wannan ya yi kyau, wancan bai yi ba, domin ba ranar ba da maki ba ce, tambayar ita ce wa ya bi doka, me kuma ya gani. Wasu kan ɗaura igiya a bango, duk mazhabar da aka taɓa a rataya takarda ɗaya ta ɗalibi da shekara a jiki, daga 1874 zuwa 1958, don yara su ga wadda ta riga wata.

Wannan gwaninta ba ta neman ɗakin zane ko kuɗin fenti, malami take nema wanda ya karanta ya kuma shirya. Ya kamata makarantar horar da malamai ta Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi da sauran irinta su sa ta cikin abin da ake gwada wa sabbin malamai tun kafin a tura su aji. Shugabannin makarantu su bar wa darasin zane lokacinsa, iyaye kuma in yaro ya zo aron ƙwarya ko tsohuwar hula domin darasi, a ba shi.