Zanko a Kan Siminti: Sharhi Kan Ƙa'idojin Sabon Gini a Cikin Birnin Kano

A ganina, raunin ra'ayin masu cewa lalle sabon gini a cikin Birni ya yi kama da na gargajiya shi ne sun tsaya ga fuska kawai. A ɗora zanko bisa bulo, a shafa fenti ruwan ƙasa, shi ke nan wai an kiyaye tarihi. Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 domin faɗaɗa titi, aka sāke ginawa, ta isa misali: sunan yana nan, tubalin ya tafi. Abin da ya kamata ƙa'ida ta fara tsarewa shi ne tsawon gini da faɗin lungu da matsayin zaure, domin bene mai hawa uku, ko da zankwaye goma, tsakar gidan maƙwabci yake leƙawa.