Wardi a Tukunya: Furen Rani a Gwarzo da Kabo

Sababbin gidajen da ake ginawa a Gwarzo da Kabo sun zo da wani sauyi da ba a cika maganarsa ba: an rufe tsakar gida. Inda a da ake barin ƙasa a dasa lalle a kusurwa, zogale a gindin katanga, ɗoɗɗoya kusa da wurin alwala, yanzu siminti ne ko tayil tun daga ƙofar ɗaki har zaure. Mai sha'awar tsiro ba shi da inda zai haƙa rami, sai ya koma ga tukunya da bokiti da yankakkiyar jarka. A cikin abin da ake dasawa a waɗannan mazubai har da wardi, musamman wanda ake gani a hotuna, mai fure guda ɗaya babba a kan dogon reshe, mai tsinin baki kafin ya buɗe. Masu sayar da furanni a bakin titunan Kano "ros" kawai suke ce masa. Sunan jinsinsa a wurin masu kiwonsa Hybrid Tea.

Wannan jinsi ba a daji aka tsince shi ba. Mutum ne ya haɗa shi, daga wardin da ya samo asali a ƙasar Sin, mai yawan maimaita fure, da na Turai mai jure sanyi. Wanda aka fi ɗauka a matsayin na farko shi ne La France, wanda Jean-Baptiste Guillot ya fitar a birnin Liyon na Faransa a 1867. Wanda ya fi kowanne shahara kuwa Peace ne, na Francis Meilland, da aka raɗa wa wannan suna a Amurka a 1945, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Duk waɗannan masu kiwo ƙasashen sanyi suke tunani. Ko a Afirka, inda ake nomansa don kasuwa tudu ne mai sanyi, irin bakin tafkin Naibasha a Kenya, wanda ya haura mita 1,800 daga doron teku. A Najeriya ma Jos yake jin daɗi. Yawancin ƙasar Kano kuwa ba ta kai rabin tsayin Jos ba, ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40.

To me ya kai mutum wahala da shi? Tambayar tana da tushe a al'adarmu, domin Bahaushe ya daɗe yana auna tsiro da abin da zai bayar: miya, magani, inuwa ko ƙamshi. Shi ya sa da ya tashi siffanta ƙarya ya ce fure take ba ta 'ya'ya. Dattijon da ya ga ɗansa yana zuba ruwan saye a gindin ƙaya ya tambaye shi, "Wannan kuma me ake ci a jikinsa?" yana magana ne daga wannan tsohon ma'auni. Ni dai ban ga laifin mai son kyau don kyau ba, kuma matan da suka raini lalle shekara da shekaru ba don ƙunshi kaɗai suke sonsa ba, har da ƙamshin furensa da dare. Inda nake ganin kuskure shi ne a yadda ake rainon wardin. Yawancin masu shi suna bin shawarar intanet, wadda aka rubuta don mutanen da ƙanƙara ke rufe wa lambu, inda shukar ke barci da sanyi ta yi fure da zafi. Mu namu lissafin a juye yake.

Wardin nan a ƙasarmu amfanin rani ne, ɗan'uwan alkama da tumatir. Duk manomin da ke aiki a bakin madatsar Guzuguzu ko ta Magaga ya san cewa tumatir a sanyin hunturu yake yin kyau, da zafin bazara ya kama sai furensa ya riƙa zuba. Haka wardi. Ya fi son rana mai ɗumi da dare mai sanyi, kuma watannin Nuwamba zuwa Fabrairu ne kaɗai ke ba shi wannan a nan. Saboda haka lokacin rage masa rassa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba. A cire matattun rassa da sirara da masu gicciye juna, a bar uku ko huɗu masu ƙarfi, a datse su a saman idon da ke kallon waje, a ƙara taki. Bayan mako shida zuwa takwas fure zai fito, daidai lokacin da sanyi ya kankama, kuma a lokacin ne yake cika girma launinsa ya fito sosai. Masu lambu a arewacin Indiya, inda zafin bazara ya yi kama da namu, su ma a Oktoba suke wannan aiki.

Batun mazubi ya cancanci a daɗe a kansa, don a nan mafi yawan shukokin ke mutuwa. Saiwar wardi tana son zurfi, don haka ƙaramar tukunyar roba ta ado ba ta wadatar da shi. Ana buƙatar abin da ya kai zurfin santimita 40 ko fiye, irin jarka mai lita 25 da aka yanke wa baki. Amma roba, musamman baƙa, idan ta wuni a kan siminti cikin rana, tana dafa saiwa ne. Tsohuwar randa ko babbar tukunyar ƙasa ta fi, saboda gumin da take yi yana sanyaya abin da ke cikinta, dalilin da ya sa tun asali muke ajiye ruwan sha a ciki. Sai dai dole a huda mata gindi, a kuma ɗora ta a kan bulo, ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga. Ƙasar fadama zalla tana daskarewa a tukunya, jigawa zalla kuma ba ta riƙe ruwa. A gauraya su da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan buntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Toka ma, wadda wasu ke barbaɗawa da kyakkyawar niyya, idan ta yi yawa takan sa ganye ya koɗe, domin wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami. Ruwan alwala ya dace da shi. Ruwan wanki mai omo kuwa a nisanta shi.

Akwai abin da manoman mangwaro za su gane nan take: yawancin wardin wannan jinsi ɗan aure ne. Ido ake ɗauka daga mai kyan fure a dasa a jikin wani mai ƙarfin saiwa. Idan reshe ya tsiro daga ƙasan wurin auren, na uwar gindin ne, kuma yakan fi saurin girma. Mai shi sai ya yi ta murna shukarsa ta yi ƙarfi, bai sani ba abin da ya biya kuɗi dominsa ne ke mutuwa a hankali. A fizge irin wannan reshe daga tushensa tun yana ƙarami.

Daga Maris zuwa saukar ruwa ba lokacin neman fure ba ne, lokacin ceton rai ne. Furen da ya fito ƙanana ne, bakinsu a ƙone, masu jan duhu sun fi shan wuya. A nan tukunya ta fi rami, domin ana iya janye ta zuwa gabashin ɗaki ko gefen inuwar dalbejiya, ta sami hantsi ta tsira daga ranar azahar. A dakatar da taki, a rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa, a yi ban ruwa da asuba, in ta kama a ƙara da yamma. A kuma riƙa wanke ƙasan ganye, saboda ƙura da bushewar iska suna kawo wasu ƙananan ƙwari masu saƙa da ke tsotse shi har ya zube. Wannan ne lokacin da ya kamata mutum ya faɗa wa kansa gaskiya: gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, tukunya ɗaya ko biyu ta ishe shi. Da damina kuma matsalar baƙin tabo ce a ganye, wanda laimar Agusta ke yaɗawa. Maganinsa na farko tsince ganyen da ya kamu da kuma ba shukar sarari iska ta ratsa. Akuya kuwa ƙaya ba ta hana ta komai.

Wajen zaɓe, ina ganin hanci ya kamata ya yi mana jagora. Wardin da muka sani tun da, ta hanyar fatake da alhazai, na turare ne, irin wanda ake nomawa a Ɗa'ifa har ake sa ruwansa a wankin Ka'aba. Wancan jinsi daban ne, kuma sau ɗaya yake fure a shekara. Da yawa daga cikin na zamani an kiwata su ne don siffa da jure doguwar tafiya a jirgi, ƙamshin ya ragu ƙwarai. Amma akwai masu shi sosai, irin su Mister Lincoln da Double Delight. Tunda shukokin bakin titi ba kasafai suke zuwa da suna ba, gara a je saye a Disamba ko Janairu, lokacin da suke ɗauke da fure, a sunsuna kafin a biya. Gidan da aka saba da turaren wuta da humra ba zai daɗe yana shayar da fure marar ƙamshi ba.

Babban giɓin da ya rage shi ne na iri. Mai so a Getso ko Garo sai ya je Kano, ya sayo shukar da wataƙila a sanyin Jos aka raine ta, ya kawo ta cikin zafi a bayan mota, sannan a yi mamakin mutuwarta. Alhali ga ruwa a madatsun yankin, ga matasan da hannunsu ya faɗa da auren mangwaro da lemo, ga kuma reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Bagauda, inda za a iya neman shawara. Tsohon wardin nan mai ruwan hoda da ake samu a wasu gidajen ma'aikata da makarantu, wanda ke kamawa daga yankan reshe kuma ya sha bazara da yawa bai mutu ba, shi ya kamata a fara gwadawa a matsayin gindi, a aura masa idon masu ƙamshi a farkon hunturu, a ga waɗanda za su kai damina da ransu.