Muryar Wa Ake Bai wa Mugu? Sake Kallon Aladdin na 1992

Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san cewa murya tana riga magana isa kunnen mai sauraro. Kafin a gane abin da mutum ke faɗa, an riga an yanke masa hukunci daga karin harshensa. Da wannan ma'aunin nake son mu auna fim ɗin Aladdin da kamfanin Disney ya fitar a 1992, wanda har yau yaranmu ke kallo a waya da talabijin.

A rufe ido a saurari fim ɗin na asali da Turanci. Aladdin da Gimbiya Jasmine suna magana tamkar 'yan makarantar Amurka. Amma dogarawan sarki da 'yan kasuwar birnin Agrabah, masu zare takobi saboda gurasa ko tuffa guda, su aka ɗora wa kakkauran karin harshen baƙi. Idan aka buɗe ido kuma, sai a ga an ƙara musu dogon hanci da gemu, alhali fuskar jarumin da ta Tom Cruise aka kwaikwaya. Gari ɗaya suka fito, amma nagari ya yi kama da mai kallo, mugu kuma shi ne Balarabe.

Larabawan Amurka ba su yi shiru ba. Bayan kokensu, a 1993 Disney ta sauya baitin waƙar buɗe fim da ke nuna ƙasar a matsayin inda ake yanke wa mutum kunne ba gaira ba dalili. Sai dai muryoyin na nan yadda suke. A 2020 an ƙara gargaɗi a farkon fim ɗin a Disney+, tare da irin su Dumbo na 1941 da Peter Pan na 1953. To, yaro ɗan shekara bakwai yana karanta gargaɗi?

Abin takaicin shi ne, asalin labarin ya fi fim ɗin faɗi. Hanna Diyab, mutumin Halab ta Siriya, shi ya ba Bafaranshe Antoine Galland labarin a Paris a 1709, shi kuma ya saka shi cikin Dare Dubu da Ɗaya. A can, Aladdin ɗan ƙasar Sin ne, bokan kuma daga Magrib ya taso. Labarin da ya haɗa nahiyoyi, Disney ta matse shi cikin kasuwa ɗaya mai cike da masu takobi.

Ban ce a hana yara kallo ba. Aljanin da Robin Williams ya yi wa murya gwanin ban dariya ne, kuma Jasmine mace ce da ta ƙi a aurar da ita kamar haja. Abin da nake so shi ne babba ya zauna tare da yaro, ya tambaye shi: me ya sa wannan ke magana haka, wancan kuma ba haka ba?

Tambayar ta shafe mu ma. Laifi tudu ne. A wasannin barkwancinmu na Hausa, sau nawa ake ɗora wa wawa karin harshen Bagwari ko Bafillatani ko Buzu don a yi dariya? Yaron da ke jin harshen mahaifiyarsa a bakin wawan fim kullum, shi ma yana koyon darasi, kuma ba mai daɗi ba ne.