Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoto na Matameye

Ko suna ake yi a Matameye, ko ɗaurin aure a Kance, ko hawan sallah a Damagaram, mai hoto ne ke riga kowa isa fili. Shi ke ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na ɗalibai masu jarrabawar BEPC. Wayar hannu ta rage masa ciniki, amma gwani bai yar da kyamara ba. Yana juya wa rana baya kafin ya latsa, yana kare gilashinsa daga ƙurar hunturu, yana riƙe batir biyu saboda ɗaukewar wuta. Yakan karɓi kafin alƙalami, ya ajiye kowane hoto wuri biyu, ya tura ta WhatsApp ranar da ya yi alkawari. Jama'a, ku biya su hakkinsu cikakke. Allah ya ƙara kasuwa.